Kun Tambaya, Mun Amsa: Kafin Jirgin Ƙasa Ya Bar Tasha

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo kusan duk a kan dogo suke, shi ya sa muka ba su shafin gaba ɗaya. A riƙe tun farko cewa kowace hukumar reluwe tana da littafin dokokinta, kuma shi ne abin bi ga ma'aikacinta. Alƙaluman da za mu kawo su ne waɗanda aka fi aiki da su a ƙasashe daban-daban.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan bin jirgin Rigasa zuwa Idu saboda harkar kasuwa. Wani lokaci mun zauna, lokacin tashi ya yi, sai in ji iska tana huci a ƙarƙashin tarago, in ga ma'aikata suna bin taragun ɗaya bayan ɗaya suna leƙa ƙafafunsu. Ko jirgin ne ya lalace ake ɓoye mana? Daga wata 'yar kasuwa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kwantar da hankalinki, gwajin birki ne. Abin tashin hankali shi ne a haɗa taragu a tashi ba a yi shi ba.

Birkin jirgi da iska yake aiki. A kan jirgi, wato injin da ke jan taragu, akwai kwamfuresa da ke cika babban tanki har bar 8 zuwa 10. Bar ma'aunin matsin iska ne, tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da ɗoriya ba. Daga wannan tanki ake ɗura wa wani bututu guda da ya miƙe tun daga kan jirgi har taragon ƙarshe, ana riƙe shi a bar 5, wasu layukan bar 6. Tsakanin tarago da tarago tiyon roba ne ke haɗa bututun, kuma kowane bakin tiyo yana da famfonsa na buɗewa da rufewa.

Ga inda mutane da yawa ke yin mamaki: cikar iska a bututu ce ke sakin birki, raguwarta ce ke kama shi. Kowane tarago yana da ɗan tankinsa da wani bawul mai sauraron bututu. Da zarar iska ta ragu, sai bawul ya buɗe wa iskar ɗan tankin hanya, ta tura fistin, takalmin birki ya matse ƙafa. A taragun zamani faifai ake matsewa a jikin gatarin ƙafafun, amma dabarar ɗaya ce. Wani Ba'amurke, George Westinghouse, ya fito da ita a 1872. Hikimarta kuwa, ko tarago ya ɓalle a kan hanya, tiyo zai tsinke, iska ta fice, gaba da baya duka su tsaya da kansu.

Raunin tsarin yana wurin famfon nan. In aka manta guda ɗaya a rufe, misali bayan tarago na biyu, agogon iskar da ke gaban direba zai nuna masa bar 5 cif, alhali taragu biyu kawai ke jin umarninsa. Sauran duk nauyi ne da zai turo shi daga baya. Gwajin da kike gani don a kama irin wannan ake yin sa.

Direba zai cika bututu har allurar agogo ta daina motsi. Sai ya toshe hanyar cikawa, ya zuba wa allurar ido minti guda, don a san yawan iskar da ke yoyo. A Jamus, alal misali, ba a yarda jirgin fasinja ya zubar da fiye da bar 0.3 a minti ba, na kaya kuma 0.5. Daga nan ya rage iskar, birki ya kama. Mai duba taragu ya fara tattaki daga gaba: fistin ya fito? Takalmi ya manne da ƙafa? Ba kallo kaɗai ba, har taka shi yake yi ko ya ɗan buga da guduma ya ji ko yana lilo. Takalmin ƙarfe da ya cinye ya koma kusan milimita 10 canja shi ake yi. In ya kai ƙarshe ya ba da alama, direba ya saki birki, shi kuma ya sake biyo taragun ya tabbatar kowanne ya saki, kuma ba a bar birkin hannu a ɗaure ba. Birkin da ya ƙi saki yana jan ƙafa a kan dogo har ta sami tabo, shi ne ƙarar ƙwas-ƙwas da wani lokaci ake ji a ƙarƙashin tarago. Sannan a buɗe famfon taragon ƙarshe. Dole direba ya ga allurarsa ta faɗi da idonsa. In ba ta faɗi ba, akwai inda bututu ya toshe, kuma babu tashi sai an gano wurin.

A ranar 27 ga Yunin 1988, wata fasinja ta ja birkin gaggawa a wani jirgin da ke shiga birnin Faris na Faransa. Wajen ƙoƙarin sakin birkin, direba ya rufe famfon da ke tsakanin taragon farko da na biyu bai sani ba. Da ya ga birkin sauran taragun ya ƙi saki, sai aka bi su aka zubar da iskarsu da hannu, ya tashi ba tare da sake gwaji ba. Taragu bakwai cikin takwas ba su da birki. Jirgin ya gangara cikin tashar Gare de Lyon ya daki wani da ke tsaye, mutum 56 suka rasu.

Saboda haka doka ta ce duk lokacin da aka ƙara tarago, ko aka cire, ko aka canja kan jirgi, ko aka taɓa wani famfo, sai an sake gwaji. 'Yan'uwanmu na Kamaru ba su manta da Eseka ba. A ranar 21 ga Oktoban 2016 titin mota tsakanin Yawunde da Duwala ya yanke, jama'a suka yi dafifi a tasha, aka ƙara wa jirgi taragu takwas. Ya kauce daga layi a gangaren Eseka, mutum 79 suka rasu, kuma binciken gwamnati ya ambaci gudu fiye da kima, da lodi, da taragu masu matsalar birki.

Za ki kuma lura, jim kaɗan bayan tashi jirgin kan ɗan rage gudu ba tare da dalilin da kika gani ba. Direba ne ke taɓa birki a kan tafiya don ya ji ƙarfin kamunsa tun kafin ya kai gangare ko tasha.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, burina in zama direban jirgi. Me direba ke yi daga isowarsa wurin aiki zuwa lokacin da zai ja jirgi? Daga wani matashi, Zariya.

Amsa: Ƙanenmu, Allah ya cika maka buri. Kafin a kai ga hawa, sai ka wuce gwajin ido da na kunne, musamman na tantance ja da kore da rawaya. Wanda ba ya bambanta su ba ya wannan aiki, kome ƙwazonsa. Sannan ba a ba direba layin da bai sani ba. Sai ya bi wani na gaba da shi sau da yawa har ya haddace inda kowace sigina take, da kowace kwana, da gangare, da mahaɗar titi.

Ranar aiki kuma da sa hannu a rajista take farawa, a gaban jami'in da zai dube ka ya ga ko kana cikin hayyacinka. Wurare da yawa ana sa direba ya hura na'urar gwajin barasa. Barci ma ana lissafa shi: a Birtaniya an saba da ka'idar hutun awa 12 tsakanin aiki da aiki. Muna so mu ja kunne a kan maganin mura da na tari, domin da yawansu suna sa gyangyaɗi. Wanda ya sha ya faɗa, a nemo wani. Bayan haka ya karanta sanarwar ranar: inda ake gyaran layi, inda aka rage gudu na wucin gadi da lambar kilomitarsa, siginar da ta lalace. Ya rubuta su a takarda ya ajiye a gabansa.

Sai zagayen kan jirgi. Littafin gyara ake fara buɗewa a ga abin da direban jiya ya rubuta. A duba man dizal, baƙin mai, ruwan sanyaya inji, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. A duba takalman birki, tiyoyi da mahaɗin taragu. A buɗe akwatunan yashi a ga suna cike kuma yashin busasshe ne, don jiƙaƙƙe toshe bututu yake yi. A cikin ɗakin tuƙi a gwada hon, fitilar gaba, mashafin gilashi, rediyon oba-oba da na'urar lura da direba. A tabbatar da tukunyar kashe gobara, jar tuta da koriya, fitilar hannu, da 'yan gwangwanayen albarushi da ake ɗaurawa a kan dogo don gargaɗin jirgin da ke tafe in an tsaya a daji. A tsarin Birtaniya guda uku ake sawa, mita 20 tsakaninsu, a nisan kusan kilomita 2 daga jirgin da ya tsaya. Kafin a motsa kan jirgi ko taku ɗaya, a leƙa a tabbatar babu ma'aikaci a ƙarƙashi ko tsakanin taragu, a cire weji, wato abin da ake tokare ƙafar jirgi da shi, a danna hon.

Jan jirgin kansa a hankali ake yi. Hannun wutar yawancin injinan dizal yana da matakai takwas. A mataki na ɗaya ake farawa, har sai sararin da ke cikin mahaɗan taragu ya miƙe ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya motsa. Wanda ya fizga a mataki na huɗu ko biyar zai kayar da fasinjan da ke tsaye, a dogon jirgin kaya kuwa yana iya tsinka mahaɗi. In ƙafafun suka fara juyawa a wuri ɗaya, a rage wuta a saki yashi, in ba haka ba su ƙona saman dogo su bar rami. An fi gamuwa da wannan a yayyafin farkon damina, lokacin da ƙurar rani ta jiƙe ta zama santsi a kan ƙarfe. A kan hawa kuma, ana riƙe jirgi da birkin kan jirgi, a ba shi wuta har a ji ya fara ja, sannan a saki birkin sannu a hankali don kada ya koma baya.

Tambaya: Mun yi gardama a majalisa. Wani ya ce shugaban tasha ne ke tayar da jirgi, wani ya ce mai koriyar tuta ne, ni kuma na ce fitilar sigina ce. Wa ya fi gaskiya? Daga wani mai karatu, Minna.

Amsa: Malam, kowannenku ya riƙo gefe guda. Abubuwa biyu ne daban, kuma haɗa su wuri ɗaya ya sha kashe mutane.

Na farko izinin shiga layi. Ana raba tsawon dogo kashi-kashi, kowane kashi ana ce masa gida, kuma dokar asali ita ce jirgi ɗaya a gida ɗaya a lokaci ɗaya. Kafin shugaban tasha ya saki jirgi, sai ya nemi tasha ta gaba ta amsa masa cewa layi a buɗe yake. Ita kuma ba za ta amsa ba sai jirgin da ya gabata ya iso mata cikakke. Da me ake sanin cikarsa? Da jar fitila ko jan allon da ke maƙale a bayan taragon ƙarshe. In jirgi ya shigo babu ita, ana ɗauka wani tarago ya ɓalle yana kan hanya, a rufe layin. Bayan samun amsa, sai a saita masauyin layi, wato harsunan ƙarfe biyu da ke karkatar da ƙafafun jirgi daga wannan layi zuwa wancan, a kulle shi. A tashar da ke da na'ura, sigina ba za ta ba da kore ba sai masauyi ya zauna daidai ya kullu. Inda ake juya shi da hannu, sai mutum ya je ya ga harshen ya manne da dogo babu rata, ya sa masa matsi da kwaɗo. Ratar da yatsa zai shiga ta isa ta sa ƙafa ɗaya ta bi nan, ɗaya ta bi can.

A layi ɗaya tilo da jirage ke bi gaba da baya, tsohon tsari shi ne a ba direba sandar ƙarfe ko faifai mai ɗauke da sunan tashoshi biyun da zai bi tsakaninsu, ko takardar izini mai sa hannu. Na'urar da ke riƙe sandunan ba ta sakin ta biyu sai an mayar da ta farko. Amma sai direba ya karanta abin da aka miƙa masa. A Abermule da ke Birtaniya, ranar 26 ga Janairun 1921, ma'aikatan tasha sun rikice suka mayar wa direba faifan da ya zo da shi na gidan da ya riga ya wuce. Ya karɓa bai duba ba, ya shiga layin da wani jirgi ke tahowa. Mutum 17 suka rasu.

Na biyu shi ne shaidar cewa aikin dandamali ya ƙare. Wannan na gadin jirgi ne, jami'in da ke kula da taragu da fasinja. Shi zai ga an gama hawa da sauka, an gama lodi, ƙofofi sun rufu, babu wanda mayafinsa ko jakarsa ta maƙale, babu yaro a bakin dandamali. Sai ya busa usur ya ɗaga koriyar tuta, da dare koriyar fitila. Tutar nan ba ta ce layi a buɗe yake ba. Abin da ta ce kawai, fasinja sun kimtsa.

Hatsarin yana nan: direba ya saba kullum in ya ga tuta sigina ma kore ce, sai wata rana hannunsa ya riga idonsa. Haka ta faru a Paisley ta Sikotilan a watan Afrilun 1979, gadi ya ba da alamar tashi, direba ya ja jirgi alhali sigina tana ja, mutum 7 suka rasu. Don haka doka ta ɗora wa kowa nasa. Gadi ba ya ɗaga tuta sai ya ga kore da idonsa, in siginar tana inda zai hango ta. Direba kuma ko ya ga tuta sai ya sake duban siginarsa, ya tabbatar tasa ce ba ta layin kusa ba. Direbobin Japan nuna siginar suke yi da yatsa su faɗi launinta da baki, ko su kaɗai ne a ɗaki. Inda direba ke da mataimaki, ɗaya ya faɗa, ɗaya ya maimaita. A ganinmu babu al'adar da ta fi wannan sauƙi da amfani.

Siginar da ta mutu, ko wadda hazon hunturu ya sa ba a tantance launinta, ja ce a doka. In ta lalace aka ce a wuce ta, sai da izini bayyananne: a faɗi lambar jirgi, lambar sigina, da inda izinin ya ƙare, direba ya maimaita kalma bayan kalma, sannan ya tafi da gudun da zai iya tsayawa a iyakar abin da idonsa ke gani. A Tempi ta ƙasar Girka, daren 28 ga Fabrairun 2023, shugaban tashar Larisa ya ce wa direba ya wuce jar sigina alhali masauyi ya karkata zuwa layin jirage masu tahowa. Jirgin fasinja ya yi karo da na kaya, mutum 57 suka rasu.

Tambaya: In direba ya yi barci ko ajali ya same shi a kan tuƙi fa? Daga wata malamar makaranta, Katsina.

Amsa: Malama, an yi tanadi. Akwai feda ko hannu da direba ke dannewa, in ya saki birki ya kama. Sai dai an gano wannan kaɗai bai isa ba: a Waterfall ta Ostareliya a 2003 direba ya sami bugun zuciya, nauyin ƙafarsa ya ci gaba da danne fedar, jirgi ya kife a kwana, mutum 7 suka rasu. Na'urar yanzu motsi take nema. A tsarin Jamus, in daƙiƙa 30 ta wuce direba bai saki fedar ya sake takawa ba, fitila za ta kama, bayan daƙiƙa 2 da rabi ƙararrawa, bayan wasu 2 da rabi wuta ta yanke birki ya kama. Ɗaure fedar da waya ko ɗora mata nauyi babban laifi ne.

Tambaya: Ni direban tirela ne. Me ya sa jirgi ba ya taka birki in ya hango mota a kan dogo, sai dai ya yi ta hon? Daga wani direba, Kano.

Amsa: Yana takawa, Alhaji, tsayawar ce ba ta zuwa da wuri. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Inda ƙafarsa ke taɓa dogo bai fi faɗin kwabo ba, kuma ƙarfe ne a kan ƙarfe, ba roba a kan kwalta ba. Birkin taragon fasinja yana ɗaukar daƙiƙa 3 zuwa 5 kafin ya kama sosai, na kaya 18 zuwa 30. A wannan gudu jirgin fasinja kan ci mita 600 zuwa 1,000 kafin ya tsaya, na kaya mai lodi ya wuce kilomita guda. Kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. A ranar 9 ga Maris 2023 wata bas ɗin ma'aikata ta ƙi tsayawa ga masu tuta a mahaɗar PWD da ke Ikeja, jirgi ya kwashe ta, mutum 6 suka rasu.

Kada ka hau dogo sai ka ga fili a gaba da zai ɗauki tsawon motarka duka, kuma kada ka canja giya a kai. In ta mutu a kan layi, kowa ya sauka nan take. A guje ta ɓangaren da jirgin ke tahowa amma ana nesantar dogo, don tarkace gaba yake watsuwa. In da sauran lokaci, wani ya bi gefen layi da gudu yana kaɗa jan ƙyalle, ko ya ɗaga hannuwa biyu sama, da dare ya kaɗa fitila da ƙarfi.

Tambaya: Tunda fitar iska ce ke kama birki, me ya sa ake jin jirgi ya gudu da kansa ba direba? Daga wani bakanike, Maraɗi.

Amsa: Ka kamo bakin zaren, Malam. Iskar ɗan tanki ce ke riƙe fistin, ita ma kuwa tana yoyo a hankali. Bayan wasu awoyi ba kwamfuresa, takalmi sai ya saki. Shi ya sa ba a barin jirgi a kan birkin iska kaɗai.

A daren 5 ga Yulin 2013 an ajiye jirgi mai tankunan ɗanyen mai 72 a kan gangare, kimanin kilomita 11 daga garin Lac-Mégantic na Kanada. Direba ya ɗaure birkin hannu 7, masu bincike daga baya suka ce ana buƙatar aƙalla 17. Ya yi gwaji, amma birkin iskar kan jirgi yana kame a lokacin, sai ya ɗauka na hannu ne ke riƙe jirgin. Gobara ta tashi a injin, 'yan kwana-kwana suka kashe injin, kwamfuresa ta tsaya, iska ta zube. Jirgin ya gangara cikin gari da gudun sama da kilomita 100, mutum 47 suka rasu. A tashar Ramsis ta Alƙahira kuma, a Fabrairun 2019, direba ya sauka don yin cacar baki da wani direban bai kama birki ba, kan jirgin ya tafi ya daki ƙarshen layi ya kama wuta, sama da mutum 20 suka rasu.

Yadda ake ajiye jirgi shi ne a kama birkin iska tukuna, a mayar da hannun wuta sifiri, a zare hannun gaba-da-baya a tafi da shi, domin shi ne makullin jirgi. A ɗaure birkin hannu gwargwadon nauyi da tsananin gangare kamar yadda jadawalin hukuma ya nuna, a fara daga taragun da ke ɓangaren gangaren. Sannan a saki birkin iska gaba ɗaya, na taragu da na kan jirgi, a tsaya a gani. In ya motsa ko kaɗan, a sake kamawa a ƙara ɗaure wasu. In ya tsaya cik, a mayar da birkin iska, a sa weji a ƙafafu, a kulle ɗakin tuƙi, a rubuta yawan birkin da aka ɗaure da lambobin taragun, don wanda zai karɓi jirgin da safe ya san guda nawa zai kwance.